Idan falle ɗaya ya karye, sauran za su riƙe? Jagorar tantance gaɓar gada mai ribit

Da yammacin ranar 15 ga Disamba 1967, Gadar Silver da ke garin Point Pleasant a Birjiniya ta Yamma ta rufta cikin kogin Ohayo, cike da motocin masu komawa gida. Mutum 46 suka rasu. Da aka tsamo ƙarafunan aka bi diddigi, sai aka tarar duk wannan bala'i ya faro ne daga wata 'yar tsaga da zurfinta bai kai milimita 3 ba. Sarƙar da ke ɗauke da gadar sanduna ne masu ido, biyu-biyu a kowace mahaɗa. Ɗaya ta karye, 'yar'uwarta ta zame daga kan sandar da ta ratsa idanunsu, shi ke nan ba sauran abin da zai riƙe.

Daga nan Amurka ta ɗaura ɗamarar duba gadoji. Ƙa'idar duba ta ƙasa baki ɗaya ta fito a 1971, aka ƙara tsananta ta bayan faɗuwar wani sashe na gadar kogin Mianus a 1983. Duk gaɓar ƙarfen da ake ja, wadda in ta tsinke babu wata hanyar da nauyi zai bi, sai an je an dube ta kusa da kusa, inda hannu zai taɓa, a ƙalla sau ɗaya cikin wata 24.

Dokar ta ceci rayuka, ba na jayayya. Amma ta yi kuɗin goro. Gaɓar da aka narke da walda ta zama jiki ɗaya, da gaɓar da aka harhaɗa daga fallayen ƙarfe takwas ko goma aka ɗinke da ribit, duk aka sa su a kwando ɗaya, alhali halinsu a gaban tsaga ba ɗaya ba ne ko kusa. Wannan jagora a kan ta biyun take: yadda injiniya zai tabbatar ko gaɓar tana da abin da zan kira tallafin cikin gida, wato in falle ɗaya ya karye sauran su ɗauke masa kayansa har a zo a gani.

Abin da ke faruwa a tsakanin falle da falle

Ƙarfe yana karyewa iri biyu. Akwai mai danƙo, wanda zai miƙe, ya sirance, ya ba da sanarwa kafin ya rabu. Akwai kuma karyewar gautsi, wadda ke zuwa idan abu uku sun haɗu: tsaga mai kaifin baki, ja mai ƙarfi, da ƙarfen da sanyi ko rashin kyawun narki ya rage wa danƙo. Irin wannan tsaga tana gudun da ya wuce kilomita ɗaya a daƙiƙa. Ba a tare ta. Abin da kawai ke tsayar da ita shi ne ƙarfen ya ƙare mata.

To a nan ribit ya yi fice. Ribit ƙusa ce mai kauri da ake gasawa har ta yi jajawur, a zura ta cikin hujin da ya ratsa fallaye, mutum ɗaya ya tokare kanta, wani ya daddake ɗaya gefen har ya yi kai na biyu. Tana hucewa sai ta tsuke, ta matse fallayen gam. Sun matsu, amma ba su zama jiki ɗaya ba. Tsakanin kowane falle da maƙwabcinsa akwai iyaka, ko da reza ba za ta shiga ba. Tsaga in ta ƙure faɗin fallenta ta iso wannan iyaka, sai ta tarar ba ƙarfen da za ta taka ta ƙetare. Nauyin da fallen ke ɗauke da shi sai ya bi ta ribit na kusa ya shiga maƙwabta, ya zagaye wurin karayar, ya dawo cikin fallen a can gaba.

Wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san wannan. Igiyar guga mai tufka da yawa ba ta yanke maka farat ɗaya. Zare ɗaya zai tsinke ya yi tsaye, ka ji shi a tafin hannu, ka san lokacin sauya igiya ya yi tun guga bai faɗa ba.

Masu jiragen ruwa sun riga masu gada koyon darasin. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta koma ƙera jirage da walda don sauri, sai ga su suna darewa a ruwan sanyi. A Janairun 1943 jirgin dakon mai Schenectady ya rabe gida biyu yana tsaye a tashar Portland, ko kaɗawar igiyar ruwa babu. Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ta nuna cewa ƙarfen kansa ne ke komawa mai gautsi idan sanyi ya kai wani mataki. Cikin magungunan da aka yi har da yanka jikin jirgin a tsaye a sake ɗinke wurin da ribit, don a sa wa tsaga iyaka da gangan.

A fagen gada kuwa, an daɗe ana faɗin haka da baki ba tare da gwajin da za a kafa doka a kai ba. Jami'ar Purdue da ke Indiyana ce ta cike giɓin, ƙarƙashin Robert Connor, tare da Matthew Hebdon a kan gaɓoɓin da ke lanƙwasa da Jason Lloyd a kan waɗanda ake ja a miƙe. Sun ɗauki gaɓoɓi masu cikakken girma, suka tsaga falle ɗaya, suka sanyaya ƙarfen da ruwan naitirojin zuwa digiri 51 ƙasa da sifiri ko ma fiye, suka ɗora kaya, sannan suka cusa wa tsagar tsinke mai faɗi da ƙarfin injin har fallen ya dare. Karayar ba ta tsallaka zuwa fallen da ke manne da shi ba. A kan wannan aiki AASHTO, ƙungiyar hukumomin tituna da sufuri na jihohin Amurka, ta fitar da littafin ƙa'ida a 2018, kuma a 2022 dokar duba gadoji ta tarayya ta amince da tallafin cikin gida a matsayin hujja, in dai an bi hanyar lissafin da hukuma ta yarda da ita.

Ga matakan.

Mataki na farko: san gaɓar da ke gabanka

Nemo zanen asali, da na masana'antar da ta ƙera ƙarafunan in yana nan, domin shi ke nuna kowane falle da kowane huji. Ware gaɓoɓin da ake ja: leɓen ƙasa na bim (dogon ƙarfen da ke kwance yana ɗauke da titin gada), layin ƙasa na gada mai saƙar ƙarfe, sandunan da ke ratse a cikin saƙar, da ɗaurin da ke riƙe ƙafafun baka. A kowace, lissafa sassanta ɗaya bayan ɗaya. Bim mai ribit yawanci yana da bangon tsakiya, da ƙarfe mai kusurwa guda biyu sama biyu ƙasa (abin da masu walda ke kira angul), da fallen rufi ɗaya ko fiye a kan leɓe.

Sai ka bi tsawon gaɓar taku-taku, don tallafin ba lallai ya kasance ko'ina ba. Fallen rufi yakan ƙare kafin a kai ƙarshen bim. Gaɓa na iya zama mai fallaye shida a tsakiya, amma a bakin mahaɗa duk nauyinta ya koma kan falle ɗaya tilo. Wannan wurin ba ya cikin rangwame. Haka in falle ɗaya shi ne ya kwashe mafi yawan kaurin gaɓar, sauran 'yan rakiya ne, kada ka wahalar da kanka, ba za ta tsallake mataki na huɗu ba.

Mataki na biyu: farautar walda

A ganina duk aikin nan ya rataya ne a kan wannan mataki, kuma shi ne ba a iya yi daga ofis.

Tunda iyakar da ke tsakanin fallaye ita ce garkuwa, duk abin da ya haɗe bakin iyakar ya buɗe wa tsaga ƙofa. Walda kuwa aikinta ke nan. Kuma zane ba zai nuna maka ita ba, saboda yawancinta ba injiniya ne ya sa a yi ba. Wani ma'aikaci ne a masana'anta ya ɗiga 'yar walda don fallaye su tsaya kafin a buga ribit. Wani ya zo bayan shekara talatin ya liƙa mariƙin bututun ruwa ko na wayar lantarki. Wani ya ga tsatsa ta ci gefen leɓe ya ɗora faci ya zagaye shi da walda, yana ganin alheri ya yi.

Ɗigon walda yana cutarwa ta fuska biyu. Ya toya tsohon ƙarfe ya bar wuri mai tauri da gautsi inda tsaga za ta tsiro, sannan ya zama gadar da za ta bi ta shiga falle na gaba. Tsohuwar gadar Hastings a Minesota, wadda aka buɗe a 1951 a kan Misisipi, ta nuna illar walda da kuma amfanin tallafin cikin gida. A ƙarshen shekarun 1990 an sami karaya a fallen ɗaurin bakanta mai ribit, tushenta ɗigon walda, amma sauran sassan suka riƙe kayan, aka gyara, gadar ta ci gaba da aiki har aka maye gurbinta a 2013.

Akwai wata mafi ɓoyuwa: hujin da aka yi bisa kuskure aka cike da walda aka goge aka shafe da fenti. A 20 ga Janairu 2017, ana cikin aikin fenti a gadar da ta haɗa manyan titunan Fensilbeniya da Niyu Jazi a kan kogin Delaware, aka ga wata babbar gaɓa ta rabu biyu. Gadar ta 1956 ce, kuma tushen karayar irin waɗannan hujojin ne da aka toshe tun lokacin gini. Gaɓar kuma jiki ɗaya ce, ba fallaye, don haka tsagar ta ratsa ta duka. Maƙwabtan gaɓoɓi ne suka tare, aka rufe gadar kusan mako bakwai.

Yadda ake farautar: ka bi gefen kowane falle da tocila a karkace, haskenta na shafar fuskar ƙarfen, don ƙullutu ko lotsawa a ƙarƙashin fenti su yi inuwa. Lura da inda jerin ribit ya tsallake gurbi ɗaya, ko inda alamun dutsen guga suka bayyana ba dalili. In ka yi shakka, kankare fentin ka gwada da garin ƙarfe da maganaɗisu. Duk waldar da ta haɗa sassa biyu ka rubuta wurinta, ka ɗauki hoto da ma'auni a gefe. Zaɓi biyu ne gare ka: ko a goge ta sarai a tabbatar ba tsaga a ƙarƙashi, ko kuma a lissafi ka ɗauki sassan biyu a matsayin abu ɗaya da zai karye tare.

Wannan gargaɗi ya shafe mu kai tsaye. Gadojin jirgin ƙasa na zamanin Turawa, irin ta Jebba da tsohuwar gadar Makurdi ta 1932, 'yan zamanin ribit ne. Ba mu da sanyin Minesota, amma tsohon ƙarfe na iya zama mai gautsi ko da sanyin hunturu bai taɓa shi ba, kuma a wurinmu abu in ya motsa, mai walda ake fara kira.

Mataki na uku: auna abin da ya saura, ka san irin ƙarfen da irin hujin

Kaurin da ke zane na ranar da aka ƙera ne. Kai kana son na yau. Goge tsatsa har ƙarfe ya yi fari, auna da ma'aunin kauri ko na'urar sauti, musamman inda ruwa da kashin tsuntsaye ke kwanciya. Tsatsar da ke shiga tsakanin fallaye ta kumbura ta fi muni, domin tana bankare falle har ta fizge kan ribit. Bi ribit da 'yar guduma: ka ɗora yatsa a gefen kan, ka buga ɗaya gefen. Mai lafiya yana amsawa da ƙara tsantsa, yatsanka ba ya jin komai. Wanda ya saki kuwa muryarsa a dushe take, kuma za ka ji ɗan motsi. Jan ruwan tsatsa da ke zubowa daga ƙarƙashin kai shi ma alama ce cewa fallaye na gogar juna. Gaɓar da mota ko jirgin ruwa ya buga ta lanƙwashe, ko wadda tsaga ke cikinta yanzu haka, a gyara ta tukuna kafin a yi zancen tantancewa.

In ba takardar da ta faɗi irin ƙarfen, littafin tantance gadoji na AASHTO ya ba da ƙiyasi bisa shekarar gini. Ƙarfin da ƙarfe ke fara miƙewa a kai: megafaskal (ma'aunin jan da ke kan kowane murabba'in milimita na ƙarfe) 179 kafin 1905, 207 daga 1905 zuwa 1936, 228 daga nan zuwa 1963, sai 248 bayan haka. In da hali, yanke ɗan guntu daga wurin da ba ya ɗauke da kaya a gwada ya fi.

Sai huji. Wani da injin mai juyawa aka huda shi, bangonsa sumul. Wani da naushi aka fasa shi lokaci ɗaya, ya bar gefen a yage da ƙananan tsagogi da ido ba ya gani. Wani an nausa shi ƙarami sannan aka share shi zuwa cikakken faɗi, wanda ya kwashe ɓarnar. Cire ribit biyu ko uku ka leƙa, ka mayar da noti mai ƙarfi a gurbinsu. In ba ka tabbatar ba, ɗauka na naushi ne. Za ka ga a gaba yadda wannan abu ɗaya ke juya amsa.

Mataki na huɗu: karya falle ɗaya a takarda

Yanzu ka ɗauka mafi munin ya riga ya faru. Cire sashen da rashinsa zai fi ciwo, ka ga ko saura zai ɗauki kaya. Ga misalin da na ƙirƙira don a ga tafiyar lissafin.

Gaɓa ce da ake ja a miƙe, mai fallaye biyu, kowane faɗinsa milimita 600, kaurinsa 16, da angul huɗu masu 150 da 150 da kauri 15. Hujin ribit milimita 24 ne, huɗu a layi ɗaya kan kowane falle, biyu kan kowane angul. Falle ɗaya yana da murabba'in milimita 9,600, in an cire huji saura 8,064. Angul ɗaya kusan 4,275, saura 3,555. Jimillar gaɓa lafiyayya bayan cire huji: 30,348. Karya falle ɗaya, saura 22,284, wato kashi 73 cikin ɗari.

Kaya kuma: a ce nauyin gadar kanta yana jan gaɓar da kiloniyutan (ma'aunin ƙarfin ja) 1,500, kwalta da sauran shimfiɗa 200, motoci tare da girgizarsu 900. Ga tsofaffin gaɓoɓin da aka ƙera kafin tsarin kiyaye karaya da AASHTO ta kafa a 1978, ana ninka na farko da 1.15, na biyu da 1.25, na uku da 1.50. Ya zama 1,725 da 250 da 1,350, jimla 3,325. Raba da 22,284, ka sami megafaskal 149 a layin huji. Raba da cikakken kaurin da ya saura, 26,700, ka sami kusan 125. In gadar ta shekarun 1920 ce, 125 na ƙasa da 207 da tazara mai kyau, 149 kuma na nesa da 414 inda irin wannan ƙarfe ke tsinkewa.

Kada ka tsaya nan ka yi murna. Da falle ɗaya ya fita, abin da ya saura ba ya tsakiyar layin ja kuma. Kamar mai ɗauke da tulu biyu a sanda ne aka sauke masa ɗaya, dole ya karkata. Gaɓar za ta so lanƙwasawa, kuma wannan ƙari ne a kan abin da ka lissafa, wanda girmansa ya danganta da tsawon gaɓar da yadda aka ɗaure ɓangarorinta biyu da juna. Sannan kayan da fallen ya saki ba ya rarrabuwa daidai wa daida. Wanda ke manne da shi ne ke shan mafi yawa. A bim mai lanƙwasa, gwajin Purdue ya ba da ma'auni mai sauƙi: raba adadin fallayen rufi da 4, ƙara 1, ninka da 0.2, sake ƙara 1. Fallen rufi ɗaya ya ba da 1.25, biyu 1.3, huɗu 1.4. Da wannan ake ninka jan da ke kan sashen da ke maƙwabtaka da karayar in an zo lissafin gajiyar ƙarfe a mataki na biyar.

Duba kuma ribit ɗin da ke gaba da bayan karayar, ko adadinsu ya isa ya kwashe kayan fallen ya mayar. Kuma ka maimaita duk lissafin a wurin da tsatsa ta fi ci, da kaurin da ka auna da hannunka. In gaɓa ta faɗi a nan, magana ta ƙare, tana nan a jerin masu duban wata 24.

Mataki na biyar: shekara nawa za ta yi da karaya a jikinta

Riƙe kaya a ranar karaya abu ɗaya ne. Tambayar da ta fi ita ce, in ba wanda ya lura, har yaushe falle na biyu zai jure kafin shi ma ya gaji? Kowace babbar mota da ta wuce tana jan ƙarfe ta sake shi, kamar mai lanƙwasa waya yana miƙarwa. AASHTO ta kasa wurare rukuni-rukuni, kowane da iyakar da in hawa da saukar ja bai wuce ta ba, gajiya ba za ta kama shi ba. Gaɓa mai ribit lafiyayya tana rukunin D, iyakarta megafaskal 48. Bayan karaya, mai hujin injin ko wanda aka share ana lissafa ta a rukunin C, megafaskal 69, bisa sharaɗin an riga an ƙara mata ninkin nan na maƙwabtaka. Mai hujin naushi kuwa tana faɗawa can ƙasa, rukunin E', megafaskal 18 kacal.

Koma ga misalinmu. A ce matsakaicin hawa da saukar ja daga manyan motoci kiloniyutan 450 ne. Lafiyayya: kusan megafaskal 15. Motar da ta fi kowace nauyi ana ɗaukar ta kusan ninki biyu, 30, ƙasa da 48. Madalla, gaɓar ba ta cikin haɗarin gajiya muddin ba abin da ya karye. Bayan karaya: 20, in muka ƙara kashi 30 cikin ɗari saboda karkata da maƙwabtaka, 26. Ninki biyu 52. In hujin na injin ne, 52 bai kai 69 ba, gaɓar za ta zauna da karayarta ba tare da ta biyu ta biyo ba. In na naushi ne, an wuce 18 nesa, sai a ƙirga kwanaki.

Ƙirgar haka take: kowane rukuni na da lambarsa, ta E' biliyan 128 ce. Raba ta da 26 sau 26 sau 26, wato 17,576. Amsa kusan zagaye miliyan 7.3. In manyan motoci 2,000 ke wucewa kullum, kowace zagaye ɗaya, shekara 10 ke nan. In 5,000 ne, shekara 4. Lura da wannan ninki uku: in lodi ya sa ja ya ƙaru da kashi 26 cikin ɗari kawai, rayuwar ta ragu da rabi. Duk inda tireloli ke ɗaukar fiye da ƙima, kada ka yarda da nauyin motar littafi. Manna ma'aunin miƙewa a jikin gaɓar na 'yan makonni, ka bar motocin gaske su faɗa maka.

In kuwa tun tana lafiya lissafi ya nuna gajiya na cin ta, to shekarun da ta riga ta yi sun cinye wani kaso na rayuwar duk fallayen, dole a cire shi kafin a ƙirga saura.

Mataki na shida: sa ranar dawowa, ka sauya abin da kake nema

Ƙa'idar 2018 ta ɗaure tazarar duba da wannan lissafi. Ga gaɓar da ba ta gajiya tana lafiya, in rayuwarta bayan karaya ta kai shekara 20 ko fiye, ana iya kai tazarar duba ta musamman shekara 10, ba a wuce nan. In ba ta kai ba, kusan rabin abin da aka lissafa ake ɗauka, amma ba ƙasa da shekara 2 ba. A misalinmu mai hujin naushi da motoci 2,000, wajen shekara 5. Hikimar rabin ita ce ko da falle ya karye washegarin tafiyar mai duba, zai dawo da sauran lokaci a hannu. Duba na yau da kullum na gadar baki ɗaya yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ya daina tambayar mai duba abin da ido ba zai iya ba. Tsagar gajiya a gaɓa mai ribit tana tsirowa ne a bakin huji, ƙarƙashin kan ribit, wani lokaci a fallen da ke tsakiyar wasu. Mutumin da ke rataye a igiya, iska na kaɗa shi, ga dubban kawuna a gabansa, ba zai ga tsaga mai milimita 5 a ɓoye ba. Amma zai ga falle da ya rabu biyu. To shi ake ce masa ya nema: layi baƙi siriri da ya ratsa faɗin falle daga gefe zuwa gefe, fenti da ya tsage a miƙe, zubin tsatsa sabo, gefen falle da ya goce daga na maƙwabcinsa. A fallayen ciki, gefensu kawai ake gani, sai a bi gefen da tocila da madubi.

Amma fa sai an duba ɗin da gaske. A 11 ga Mayu 2021 aka rufe gadar Hernando de Soto ta Memfis bayan an ga ɗaurin bakanta, akwatin ƙarfe mai walda, ya kusa rabuwa. Da aka koma hotunan da jirgi marar matuƙi ya ɗauka a 2019, sai ga tsagar a ciki. Tazara mai kyau a takarda ba ta da amfani in wanda aka tura bai kai idonsa kowane gefe ba. Shi ya sa ya kamata takardar aikin ta lissafa kowace gaɓa da kowace fuska tata, a sa hannu a kan kowace, da hoto.

Ranar da aka sami karyayye

Lissafinka ya riga ya ce gaɓar za ta riƙe, amma agogon mataki na biyar ya fara bugawa, kuma ba ka san tun yaushe ba. Rage kaya nan take, ko a janye manyan motoci daga layin da ke saman gaɓar. Cire ribit na kusa da karayar ɗaya bayan ɗaya, kana mayar da noti kafin ka taɓa na gaba, ka gwada bakin kowane huji a fallayen maƙwabta. In tsaga ba ta gama ratsa falle ba, nemo bakinta da maganaɗisu, a huda rami mai sumul a daidai wurin don a dakushe ta, a ɗaure shi da noti.

Gyaran kansa fallaye ne sababbi a kan karayar, da noti masu ƙarfi a hujin da aka huda da injin, adadin da zai ɗauke dukan kayan fallen a kowane gefe. Ko a Memfis, inda gaɓar mai walda ce, da fallaye da noti aka ɗaure ta kafin a buɗe gadar bayan kusan wata uku. Kada a bar kowa ya kusanci wurin da sandar walda, ko don riƙe falle na minti biyar.

Sai a yanko fuskar karayar a kai ɗakin gwaji, a nannaɗe, ba tare da an goge ta ko an haɗa bakin biyu ba, domin a jikinta ake karanta inda tsagar ta faro da ko tsohuwa ce. A yi gwajin Charpy a kan guntun fallen, 'yar sanda mai milimita 10 da 10 da tsawon 55 da aka yi wa tsaga mai zurfin 2, a buge ta ta karye, a ga danƙon da ya rage masa. In fallen ya fito mai gautsi, koma zanen masana'anta ka nemo sauran fallayen da aka yanko daga narki ɗaya da shi, ka je ka duba su a makon nan.